Yaron da Bai San Tafasa Ba

Da layi ya zo kaina a wannan makon gajeren labari na yi niyyar kawowa, har na fara shi. Sai na duba na ga abin da ya fi tsaya mani a rai ba sai na ƙirƙira ba, yana nan tsakar gidanmu a Batsari, jere a gindin katanga cikin buhunan siminti. Don haka ku yi haƙuri da ni, yau zancen ganye za mu yi.

Abin ya faro ne a daminar 2024. Wata ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta yi sha'awar kwaɗon tafasa. Akwai kango a bayan gidanmu wanda ciyawa ke cikawa da zarar ruwa ya zauna, sai ta kira babban jikanta, wanda muke kira Abba, ta ce ya je ya tsinko mata. Shekararsa 7 a lokacin. Ya ruga da murna, ba a jima ba sai ga shi ya cika gaban rigarsa da ganye, ya zube mata a faifai yana jiran yabo.

Idon Gwaggo ya yi rauni, don haka ba da kallo take tantance abu ba. Ta ɗauki ganye ɗaya ta murza, ta kai hanci. Sai ta fashe da dariya.

"Wanga maigida nawa da yunwa zai kashe ni. Na aike ka tafasa ka kawo mani rai-ɗore?"

Muka yi ta dariya, shi kuma ya turo baki ya ce ai duk ganye ne. Wasan kaka da jika ne, kowa ya ɗauka ya wuce. Amma na lura dariyar Gwaggo ta yanke tun kafin tamu. Ta daɗe riƙe da ganyen tana juya shi. Can ta ce, ba da kowa take ba, "Ubanshi yana kamar shi, shi ka kai awaki har bakin daji." Ranar ko rabin tuwonta ba ta ci ba.

Bari in koma baya kaɗan don waɗanda ba 'yan yankinmu ba. Gwaggo yayar Babanmu ce. A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Safana ta yi aure, ta gefen Dajin Rugu, can ta haihu, can ta tsufa. Ɗanta ne ya auri yayata, auren zumunci. A watan Afrilun 2020, ana cikin kullen korona, azumi saura 'yan kwanaki, aka kai hare-haren da aka ba da rahoton mutuwar mutum 47 a Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Ba a shiga ƙauyensu a daren ba, amma a cikin makon suka tattaro abin da za su iya ɗauka suka taho gidanmu. Abba yana da shekara 3, ƙanwarsa Ummi tana goye. Autansu a nan Batsari aka haife shi. Mahaifinsu ya bar gonar gado ya tafi ci-rani kudu.

Kuma ba wai Batsarin da suka gudo tudun mun tsira ba ce. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yar Gamji, har matasa suka ɗauki gawarwakin suka kai cikin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 aka yi na Tsauwa da Dankar. Saboda haka duk yaron da ya tashi a garin nan cikin shekarun, dokar farko da ya sani ita ce kada ya wuce gidajen ƙarshe. Babu zuwa itace, babu rakiyar kai abinci gona, babu ɗiban kanya ko magarya. Duniyar Abba ita ce gida, makarantar boko, Islamiyya, sai shagon mai cajin waya. Daga cikin ɗaki yana iya gaya maka babur ɗin da ya wuce na 'yan sintiri ne ko na ɗan acaɓa. Amma ɗan manomi jikan manomi bai san tafasa ba.

Ni ma da nake dariyar, sai da na tambayi kaina. Da ni aka aika, tafasa dai zan gane ta, don na sha saye a hannun 'yan talla. Amma da Gwaggo za ta ce in kawo mata gasaya ko hankufa ko yaɗiya a tsaye, ba a kwano ba, da na ji kunya. A lokacin na dawo gida ke nan da difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, ina zaman jiran aiki, ina ta rubuce-rubuce. Daren nan na buɗe tsofaffin labaraina a waya. Duk inda tauraruwa ta fita shan iska, "lambu mai ɗauke da furanni kala-kala masu ƙanshi" ne. Wane fure? Oho. Ba ni kaɗai ba ce, kuma kun sani. Mukan iya jera sunan turare 5 da samfurin mota 3 a shafi guda, amma da wuya ka ga marubucinmu ya kira sunan itacen da jarumin ya tsaya a inuwarsa. Wannan tsokaci ne kawai, kada a jefe ni.

Washegari na ce wa yaran za mu yi gona. Gidanmu ba shi da fili, tsakar gidan rabi siminti ne, sauran kuma wurin girki da shanya. Na roƙi buhunan siminti 6 a inda ake wani gini a layinmu, muka wanke su, muka cika da ƙasa. Gwaggo tana kan tabarma tana jin motsinmu, ta tambayi mi ake yi. Da aka gaya mata ta ce, "Noma a buhu? Allah ya kyauta." Ta juya mana baya. Ban ga laifinta ba. Matar da ta yi shekara da shekaru tana da gayaunarta, tana cika rumbunta da gyaɗa da wake, ita ce za a nuna wa buhu a ce gona.

Zubin farko asara muka yi. Ban huda gindin buhunan ba, ruwan sama ya kwanta a ciki ƙasar ta zama taɓo. Sannan na kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki na zuba da yawa, wai ni mai son amfanin gona. 'Yan tsiron da suka leƙo suka ƙone cikin kwana biyu. Ummi ta yi kuka sosai, ta ce nata ne ya fara mutuwa don Abba ya harare shi.

A zubi na biyu ne Gwaggo ta kasa daurewa. Na samo irin ɗoɗɗoya, ƙanana ne baƙaƙe kamar ƙwayar lalo, na sa yatsa na yi rami mai zurfi ina zubawa. Ummi ce ta kai rahoto cewa Anti ta tura hannunta har nan. Sai muka ji muryar Gwaggo.

"Ke 'yar nan, iri kike shukawa ko kuɗin adashi kike ɓoyo? Kawo nan."

Ta jawo jiki ta zauna gaban buhun. Ta sa aka juye ƙasar, aka huda gindin da ƙusa wuri 5 ko 6. Ta sa Abba ya ɗebo yashi a bakin kwalbati, ta aiki Yaya gidan maƙwabta ta roƙo busasshen takin awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Ta haɗa da hannunta, ƙasa ta fi yawa, yashi da taki suka biyo baya, tana damƙa tana saki har ta ji ya yi mata. Irin ɗoɗɗoyar a sama ta barbaɗa shi, ta ɗan shafa ƙasa a kai, ta ce ƙaramin iri ba ya son nauyi a kansa. Sannan ta ce wa Ummi, "Kishiya, shiga ɗaki ki jawo mani ƙullin da ke ƙasan akwatina."

Tsumman atamfa ne, an ƙulla shi gida-gida. A ciki akwai irin yakuwa, da na rama, da kuɓewa, da wata ɗoɗɗoyar. Tun ranar da suka baro ƙauye yake cikin kayanta, shekara 4, ba wanda ya sani, har Yaya da suke kwana ɗaki ɗaya. A ranar da mutane ke rasa abin da za su ɗauka tsakanin tukunya da tabarma, ita iri ta ƙulla. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa fito da shi ba. Ta ce ai jira take a koma.

Iri yana tsufa kamar mutum. Kuɓewar ko ɗaya ba ta fito ba. Rama ta ɗan taɓuka, yakuwa ƙwaya 3 suka tsiro. Ɗoɗɗoyarta kuwa ta fito tamkar jiya aka girbe ta, kuma ƙanshinta ya fi na wadda na samo ƙarfi. Har yau jikokin wannan irin ne a gidanmu.

Muka raba wa kowa nasa, don na gane in gonar ta kowa ce faɗa ake yi, in kuma ta mutum ɗaya ce sauran ba ruwansu. Abba aka ba tafasa, don huce haushi, da zogale. Ummi ta ɗauki ɗoɗɗoya da lalle, saboda an ce mata in ya girma za a yi mata ƙunshi da nata na kanta. Auta, mai shekara 3 a lokacin, aka ba shi na'a-na'a, kuma da dalili. Yaro ƙarami ba abin da yake so kamar zuba ruwa, in ka bar shi sau goma zai shayar a wuni. Na'a-na'a ce kaɗai za ta jure wannan soyayyar, don ita danshi take so da 'yar inuwa. Ba a ma wahalar da kai da iri. Reshe muka samo wurin mai shayi, muka tsoma a kofin ruwa har ya fitar da fararen saiwoyi, muka dasa a tsohon bokiti. Ita dai a ba ta mazubinta ita kaɗai, in ba haka ba sai ta bi ƙarƙashin ƙasa ta mamaye na kowa.

Matsalar Auta ɗaya ce, tono. Duk safiya sai ya sa yatsa ya tono irin 'yan uwansa ya duba ko ya fito. Maganin wannan sai da hunturu muka samo shi, wato lansir. Kwana 2 zuwa 3 ya tsiro, kafin wata ya zagayo an yanka an sa a kwaɗo. Duk mai ƙaramin yaro marar haƙuri, da lansir zan ce ya fara, amma lokacin sanyi, don ba ya son zafi.

Abin da ya fi burge yaran ba ni na koya masu ba, ban ma san da shi ba. Wata magariba Abba ya shigo a guje ya ce tafasarsa ta mutu, ganyen duk sun naɗe. Gwaggo ta ce ba mutuwa ta yi ba, barci take, ya je ya duba da safe. Da gari ya waye ga ganye sun buɗe sarai. Tafasa haka take, da rana ta faɗi sai ganyenta su haɗe biyu-biyu su rufe. Mako guda cur yaran nan suna tsugune gaban buhu da magariba suna jiran su kama ta tana rufewa, sai an kore su zuwa salla. A nan Gwaggo ta sa aka tsinko rai-ɗore daga kango aka ajiye kusa da ita. Ta ce Abba ya shafa. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, kuma guda 6 ne a kowane hannu, uku suna kallon uku. Na rai-ɗore bakinsa da tsini, ya fi yawa, in ka murza kuma warinsa ya fi hawa kai. Furensu duka rawaya ne, shi ya sa suke ruɗar wanda bai sani ba. Tun daga ranar Abba ya zama malamin tafasa a layinmu, duk yaron da ya shigo sai an yi masa jarrabawa.

Wahalhalun da suka biyo baya na kowa ne. Ruwa saye muke a wurin 'yan kura, don haka bayan damina Baba ya ce ba za a sayi jarka don ciyawa ba. Sai muka sa tsohuwar roba a inda ake alwala, muka riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na gero. Ruwan omo ne dai ba a zubawa, mun gwada mun ga yadda ganye ya yi. Akuyar maƙwabta ta shigo sau ɗaya ta aske zogalen Abba tas, muka kewaye wurin da tsohon gidan sauro. Zogalen ya sake tofowa, har ya fi da rassa. Ƙwari kuma toka ake barbaɗa masu, ko a jiƙa ganyen bedi ya kwana a yayyafa. Da bazara ta shigo, a watan Afrilu, na'a-na'a ta ƙone ƙurmus duk da inuwar, muka ɗauka ta tafi, sai ga ta ta dawo daga saiwa da ruwan farko.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na daɗe ban rubuta wannan ba, don laifina ne.

A ƙarshen daminar farko, wata ranar Laraba da la'asar, Auta ya bi yayyensa rakiyar Islamiyya ya dawo tare da wata yarinyar maƙwabta. Ba a yi awa ɗaya ba ya fara amai. Kafin magariba gudawa ta haɗu, yaro ya yi laushi, idanu sun faɗa. Yaya ta rikice, tana cewa kwalara ce. Gwaggo ce ta sa hannu a aljihun wandonsa tana neman ko ya ci wani abu, ta fito da ɓawo da ƙwaya biyu baƙaƙe. Ta shafa, ta sansana, ta ce, "Innalillahi. Bini-da-zugu ne."

Akwai shingensa a wani gida kan hanyar makarantar. 'Ya'yansa in sun bushe suna fashewa, ƙwayar ciki kuma ba ta da ɗaci, tana da maiƙo kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Guba ce, kaɗan ta isa ta wanke cikin yaro. Gwaggo ta ce a ɗura masa manja, wata maƙwabciya ta ce madara. Ni dai na saɓe shi a kafaɗa na ce asibiti, na ƙulle ƙwayoyin a gefen hijabina. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya ce gara da muka zo da abin da ya ci, kuma gara da ba a ɗura masa komai ba, don yaron da ke amai in aka matsa masa ɗura yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. Aka sa masa ƙarin ruwa, muka kwana. Da asuba ya buɗe ido ya ce shayi zai sha.

Da ya warware na tambaye shi me ya sa ya ci. Ya ce, "Ba ke kika ce abin da aka shuka ci ake ba?"

Ni na faɗa. Na faɗa ne ranar da nake lallashinsa ya ci kwaɗon zogale. Wata 3 ina koya wa yaro mai shekara 3 cewa ganye abin so ne, a tsinka, a murza, a sansana, a ɗanɗana, ban taɓa ce masa akwai wanda ake gudu ba. Kafin gonarmu ko kallon shingen nan ba ya yi.

Yaya ta ce a kwashe buhunan a zubar, kuma ba ta yi mani magana ba kwana biyu. Ban ce komai ba, don ba ni da bakin magana. Gwaggo ce ta hana. Ta ce a ƙauye ba yaron da ke kai shekarun Auta bai san bini-da-zugu ba, don tun yana goye ake nuna masa ana cewa kul. Ta ce kwashe buhu ba zai kwashe shingen mutane ba, abin da aka fara a ƙarasa shi.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka yi abin da ba mu taɓa yi ba. Gwaggo ta ɗauki sandarta, Abba ya riƙe mata hannu, muka zaga unguwa da yaran ukun, ba mu wuce gidajen ƙarshe ba. Mamaki ya kama ni da na ga yawan abin da ke tsiro a cikin gari wanda nake wucewa kullum. A bakin bola ga zaƙami da farin furensa kamar kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya, wanda ƙwayarsa ke gusar da hankali. Ga tumfafiya, wadda yara ke son fasa ƙwallonta, ta ce farin ruwanta in ya shiga ido yana iya lahanta shi. Ga zurma, ga aguwa a shingen wani garke. Kowanne sai ta sa an tsaya, yaran su faɗi sunan sau uku, sannan su ce "ba a ci". Mutane suna kallonmu, wani dattijo a bakin masallaci ya ce Hajiya an buɗe makaranta ke nan. Daga ranar aka kafa doka a gidanmu: duk abin da ba daga buhunmu ya fito ba, ba ya shiga baki sai an kawo wa Kaka ta shafa.

Ba a komai muke shiri da Gwaggo ba, kada in sa ku ɗauka haka. Ita a wurinta zazzaɓin yaro tazargade ne da man shafawa, sai in ya ƙi a tafi asibiti. Na taɓa gaya mata cewa maganin maleriyar da ake bayarwa yanzu daga wani ɗan uwan tazargade aka samo sinadarinsa, har wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Ta ce to ka ji, ashe sun biyo mu. Na ce amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa jiƙa ganyen ana sha a madadin maganin ba, don ba a san yawan abin da ke cikin kowane jiƙo ba, yana iya kwantar da zazzaɓi ya bar cutar. Ta ce hukumar ta zo ta yi jinyar yaro da tsakar dare lokacin da ba mai iya fita. Ban da amsar wannan, don na san dararen da take nufi. Amma dai a gidanmu yanzu an tsaya a kan cewa zafin jiki gwaji ake fara yi, ɗoɗɗoya da na'a-na'a kuma na miya ne da shayi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce an samo maganin yunwa. Buhunanmu yanzu 14 ne da bokiti 3. Abin da suke ba mu shi ne ganyen miya sau biyu ko uku a mako, kwaɗo jefi-jefi, da shayi mai ƙanshi. Ba sa ba da damin gero ko ɗaya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon 2025. Abin da ya kawo wannan ya fi ƙarfin buhu. Ƙasar da ta saba cika motoci da dankali da rogo ranar Alhamis a kasuwar Batsari ba ganyen tsakar gida take nema ba, gonakinta take nema. Abin da na ga ya canza a gidanmu ƙarami ne: Ummi da ba ta cin miyar ganye ko an yi mata dole, yanzu in daga buhunta aka tsinko, ita ke fara miƙo kwano.

Akwai kuma abin da buhu ya ƙi ɗauka sam. Na sayi littafi mai 40 na riƙa rubuta duk sunan tsiron da ya fito daga bakin Gwaggo, da amfaninsa, da inda yake fitowa. Na wuce suna 60. A cikinsu waɗanda yaran suka gani a tsaye ba su kai 20 ba. Sauran na daji ne da gona: geza, marke, taura, ɗinya, tsada, farun da take cewa yana bayan gonarsu. Wanda ta fi ambato shi ne sabara, mai tokar ganye, wadda ake dafa wa mai jego. Sau biyu ina ba wani mai kawo itace kuɗi ya tono mana ƙaramarta da saiwa, sau biyun tana bushewa cikin mako. Gwaggo ta ce in daina ɓarnar kuɗi, sabara ba ta zaman gida.

A 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin da ke kewaye. Ra'ayi ya rabu a kai, har a cikin gidanmu. Baba yana cewa an sha yi ana warwarewa, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Amma mijin Yaya ya dawo daga kudu ya noma wani ɓangare na gonarsu a daminar, yana zuwa yana dawowa, karo na farko cikin shekara 5. Yanzu maganar da ake yi a ɗakin Gwaggo da daddare ita ce ko za a koma gaba ɗaya. Yaya ba ta so, saboda makarantar yara da kuma abin da ta gani. Gwaggo ba ta cewa komai, amma na ga ta sa Ummi ta tara mata irin ɗoɗɗoya a sabon tsumma.

Da kaka ta yi, mahaifinsu ya ce zai tafi da Abba ya ga gonar, wuni ɗaya. An yi ta ja-in-ja kafin Yaya ta yarda. Ranar ba wadda ta iya cin abincin rana a cikinmu, kowa kunnensa na kan ƙarar babur. Sai gab da magariba suka shigo, yaro ya yi buɗu-buɗu da ƙura, bakinsa bai rufuwa. Ya ga rumbu, ya ga ramin kurege, ya ga ɗakin da aka haife shi babu rufi. Yana cikin zuba sai ya tuna, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani reshe da ya yamutse, ya kai wa kakarsa kamar yadda doka ta ce.

"Kaka, ban ci ba. Mene ne wannan?"

Ta karɓa ta murza, ta kai hanci. Ta daɗe ba ta sauke hannun ba.

"Sabara ce, maigida. A ina ka tsinko ta, gabas da gonar ko ta wajen rafi?"

Abba ya ce shi bai san ina ne gabas a can ba, amma kusa da wani babban icce ne mai rami a gindi. Ta ce ƙiryar nan ce, ashe ba su sare ta ba. Ta sa reshen a ƙarƙashin matashinta, ta ce in ɗauko littafina in rubuta ƙirya, don ba ta jin ta taɓa gaya mani ita.